Gwajin tataccen tsiro a kan ƙwayoyin cuta: faifai, rami, ko gurabu 96?

Wanda ya kwashe makonni yana shanya ganye ko sassaƙe a inuwa, ya niƙa, ya jiƙa a itanol, ya tace, ya ƙafar da ruwan har ya samu 'yan giram na wani baƙin danƙo a gindin kwalba, a nan yake cin karo da tambayar da ta fi duk wahalar baya. Da me zai gwada shi? Malamin da ke duba aikinsa ya ce a huda ramuka a faranti. Abokinsa da ya riga shi gamawa ya ce faifan takarda ya fi sauƙi. Mujallar da yake fatan ta buga aikin kuma ba ta sauraron kowa sai ya zo da adadin MIC, wato mafi ƙarancin adadin tataccen da ke hana ƙwayar cuta hayayyafa. Bayan wannan ga maganar guba: 'ya'yan jatan lande, ko ƙwayoyin halitta, ko ɓeraye. Kuɗin bincike ba zai isa a yi duka ba, danƙon da ke kwalbar ma ba zai isa ba.

Tambayoyi biyu ne a gabansa, kowacce da irin gwajinta. Ta farko, shin abin da ke kwalbar yana hana bakteriya ko fumfuna hayayyafa, kuma da wane adadi? Ta biyu, shin adadin da ke kashe ƙwayar cutar yana ƙyale jikin mai cutar? Ruwan bilic ma yana gamawa da kusan kowace bakteriya cikin 'yan mintoci, amma ba mai ɗura wa majinyaci shi.

Abin da za a auna hanyoyin da shi

Kuɗi ne ke fara zuwa zuciyar kowa, kuma ba na sinadari kaɗai ba. A haɗa da na'urar da ba a iya yi sai da ita, da kayan da ake amfani da su sau ɗaya a jefar. Na biyu ƙarko. Kaya dai shekarun da ya yi bai lalace ba su ne ƙarkonsa, shi kuwa sakamakon bincike ƙarkonsa shi ne wani a wata ƙasa ya bi sawunka ya samu abin da ka samu, har ya iya ajiye adadinka kusa da nasa ya kwatanta. Na uku sauƙi: kwana nawa kafin hannu ya faɗa, kwana nawa kafin a ga sakamako. Na huɗu haɗari, wanda iri biyu ne. Akwai na cutar da mai gwajin ko dabbar gwaji, akwai kuma na yaudara, wato gwajin ya ce maka tataccen yana aiki alhali ba ya yi, ko ya ce ba ya yi alhali yana yi. Wannan na biyun ya fi ɓarna, don ba ya ciwo a lokacin. Akwai na biyar da aka cika mantawa da shi sai kwalba ta kusa ƙarewa: yawan tataccen da gwajin zai cinye. Wanda ya ware tsantsar sinadari guda, sau da yawa abin da ke hannunsa bai wuce 'yan miligiram ba.

Wasu abubuwan kuwa kowace hanya ka bi sai ka yi su. Tsiron yana buƙatar masani ya tabbatar da sunansa na kimiyya, a kuma ajiye busasshen samfuri mai lamba a ma'ajiyar tsirrai. Ƙwayoyin gwaji su zama sanannu, masu lambar ma'ajiyar ƙwayoyi ta ATCC: Escherichia coli ATCC 25922, Pseudomonas aeruginosa ATCC 27853, da Staphylococcus aureus, wanda ake amfani da 25923 a gwajin faifai, 29213 a gwajin MIC. Haɗa nau'ikan nan yana da dalili. Biyun farko suna da wata rigar waje ta biyu da ke tare sinadarai da yawa, shi ya sa akasarin tatattun tsirrai suka fi tasiri a kan Staphylococcus. Yawan ƙwayoyin ana daidaita shi da ma'aunin McFarland 0.5, kimanin miliyan 150 a kowace mililita. Sannan shaidu biyu ba makawa: sanannen maganin kashe bakteriya a gefe guda, ruwan da aka narka tataccen da shi zalla a ɗaya gefen. DMSO, ruwan da akan narka tatacce da shi, idan ya yi yawa shi da kansa yana hana bakteriya girma, don haka aka fi tsayar da shi a kashi 1 cikin 100 ko ƙasa.

Faifan takarda

Wannan ita ce hanyar da William Kirby da Alfred Bauer da abokan aikinsu suka daidaita a Jami'ar Washington ta Amurka a 1966, kuma har yau ɗakunan gwaji na asibitoci suna rayuwa a kanta. Ana zuba abincin ƙwayoyi mai daskarewa, wato aga na Mueller-Hinton, kaurin milimita 4 a faranti, a shafe fuskarsa da bakteriya, a ɗora ɗan faifan takarda mai faɗin milimita 6 da aka ɗiga wa tataccen, a sa a akwatin ɗumi a digiri 35 na awa 16 zuwa 20. Da safe sai a ɗauko rula a auna da'irar da bakteriya ba su tsiro ba.

Babu abin da ya kai ta araha. Ɗalibi yana ƙwarewa a kwana biyu, tataccen da take ci kaɗan ne, kuma hotonta yana da daɗin gani. Matsalar tana cikin ma'anar da'irar. Aga kusan dukkansa ruwa ne, don haka abin da faɗin da'ira ke nunawa haɗin abu biyu ne da ba a iya rabawa: ƙarfin sinadarin, da saurin tafiyarsa cikin ruwa. Ƙaramin sinadari mai son ruwa, ko da mai rauni ne, sai ya bazu ya yi ƙatuwar da'ira. Mai maiƙo, irin man ƙamshin da ake tatsa daga ganye da sauran sinadaran da ba sa narkewa a ruwa, sai ya zauna a gindin faifai ko da ya fi wancan ƙarfi sau ɗari. Su kuma irin waɗannan ne sau da yawa ke ɗauke da aikin.

Ba tsirrai kaɗai abin ya shafa ba. Kolistin sanannen magani ne da likitoci ke komawa gare shi in sauran sun gaza, amma saboda girman ƙwayar sinadarinsa ba ya tafiya sosai a aga, har ta kai hukumomin da ke tsara ƙa'idar gwaji, CLSI ta Amurka da EUCAST ta Turai, suka ce kada a dogara da faifai wajen gwada shi. In haka ta faru da maganin da aka san komai nasa, ina ga baƙin danƙon da ba a san abin da ke ciki ba?

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauko teburin asibiti a ce milimita kaza na nufin ƙwayar tana jin magani. Kowane adadi a teburin nan an gina shi ne don magani guda, da nauyi guda a faifai, bayan an gwama da'ira da MIC a ƙwayoyi masu ɗimbin yawa. Ba a taɓa yi wa tataccenka wannan aikin ba.

Rami a faranti

Ƙanwar ta farko ce. Maimakon faifai, ana huda rami mai faɗin milimita 6 zuwa 8 a cika shi da mikrolita 50 zuwa 100 na tataccen. Tsadarsu ɗaya, sauƙinsu ɗaya, kuma da yake ramin ya fi faifai ɗauka, da'irar takan fi fitowa. Duk aibin faifai yana nan, an ƙara da yoyo ta ƙarƙashin aga in ba a liƙe gindin ramin ba, ga shi kuma babu ƙa'ida guda da kowa ya yarda da ita game da girman rami ko yawan abin da za a zuba.

A nan ne aka fi samun kwatancen da ke ruɗin mutane. Ɗauka an zuba mikrolita 100 na tatacce mai ƙarfin miligiram 100 a mililita. Miligiram 10 ke nan a ramin, wato mikrogiram 10,000. Faifan jentamisin da aka ajiye a gefensa mikrogiram 10 ne kacal a ciki. Ko da da'irorin biyu sun zo daidai, an sa mutum dubu ne su yi kokawa da mutum ɗaya aka tashi canjaras. Wanda ya rubuta cewa tataccensa ya kai jentamisin ƙarfi bai yi wannan lissafin ba.

Gurabu 96 da adadin MIC

MIC shi ne mafi ƙarancin adadin abu da ke hana ƙwayar cuta hayayyafa har ido ya gani. Ana nemo shi a farantin roba mai ƙananan gurabu 96. Kowane gurbi ana zuba masa romon abincin ƙwayoyi, a sa tataccen a na farko, a riƙa raba ƙarfinsa biyu daga gurbi zuwa gurbi: mikrogiram 1024 a mililita, 512, 256, 128, haka har ƙasa. Sai a ƙara bakteriya yadda za su kai kimanin 500,000 a mililita, a kwana a akwatin ɗumi. Gurbin ƙarshe da ya zauna garau shi ne amsar. Tataccen yana cakuɗe da ƙwayoyin kai tsaye, babu maganar tafiya cikin aga, kuma hanyar tana da rubutacciyar ƙa'ida ta duniya, ISO 20776-1, ban da ta CLSI da ta EUCAST.

Ta fi biyun baya tsada, amma ba kamar yadda ake tsoro ba. Abin da ke ci shi ne faranti, da fifet mai awon mikrolita, da bakunansa na roba da ake jefarwa. Na'urar karanta faranti tana taimakawa, sai dai ana iya yi ba ita. Hannu kuwa yana buƙatar mako ɗaya ko biyu na ɓata faranti kafin ya faɗa, domin kuskure a gurbi ɗaya yana bin duk layin. Tataccen da take ci kaɗan ne ƙwarai, kuma ana karɓar bambancin gurbi ɗaya sama ko ƙasa idan an maimaita.

Tana da nata tarkon. Tataccen tsiro yakan zo kore ko ja ko gurɓatacce, sai a kasa bambanta duhun bakteriya da duhun ganye. Maganin wannan shi ne rini mai sauya launi a inda akwai rai. Jacobus Eloff na Jami'ar Pretoria a Afirka ta Kudu ya yaɗa amfani da rinin INT a 1998, wanda ba shi da launi amma yana komawa ja a gurbin da bakteriya ke numfashi. Akwai kuma resazurin, shuɗi ne da ke komawa ruwan hoda. To amma wasu sinadaran tsiro suna iya juya rinin da kansu ba tare da ko ƙwaya ɗaya ba, don haka dole a bar layi guda na tatacce da rini kawai a matsayin shaida. Man ƙamshi yana buƙatar ɗan Tween 80, sinadari mai haɗa mai da ruwa, don ya haɗu da romo, a kuma rufe farantin da kyau, in ba haka ba tururinsa ya tsallaka gurbin maƙwabci ya ɓata lissafi. Shi kuma tanin, sinadarin nan mai bauri da ake jima da shi, yana cafke kowane irin furotin ya gamu da shi, sai ya yi kamar magani a faranti, ya shiga jini ya maƙale wa furotin ɗin jini ya zama ba shi da amfani. Mai shakka ya cire tanin da PVPP, wani gari da ke kama shi, ya sake gwadawa.

Daga faranti ɗaya ana samun ƙarin amsa kusan kyauta. A ɗebo daga gurabun da suka zauna garau a shafa a sabon aga. Mafi ƙarancin adadin da ya kashe kashi 99.9 cikin 100 shi ne MBC. Idan bai wuce ninki huɗu na MIC ba, ana ɗaukar abin a matsayin mai kisa, in ya wuce kuwa mai dakatarwa ne kawai.

Babbar fa'idar adadi ita ce ana iya yi masa hukunci. José Luis Ríos da María Carmen Recio na Jami'ar Balensiya a Sifen sun ba da shawara a 2005 cewa a daina ɓata lokaci a kan tataccen da sai ya haura miligiram 1 a mililita yake aiki, kuma abin ya fara zama na sha'awa ne idan tatacce ya yi aiki a ƙasa da mikrogiram 100, tsantsar sinadari a ƙasa da 10. Siprofloksasin yana tsayar da E. coli ATCC 25922 a ƙasa da mikrogiram 0.02. Mai MIC na miligiram 5 a mililita kuwa, jinin baligi kusan lita 5 ne, sai an zuba giram 25 a jinin kaɗai kafin a kai wannan ƙarfin. A yi adalci dai: abin shafawa a fata ko kurkure baki yana iya isa wurin da ƙarfi mai yawa, saboda haka adadin da ya faɗi a matsayin maganin sha yana iya tsayawa a matsayin na shafawa.

Farantin silika

Wannan hanya wata tambaya take amsawa: a cikin sinadarai da yawa da ke cikin tataccen, wanne ke aikin? Ana ɗiga tataccen a farantin TLC, wato faranti mai shafe da garin silika, ruwan narkarwa ya hau ya rarraba sinadaran tabo-tabo, a busar da farantin sarai, a fesa masa bakteriya, a kwantar da shi a wuri mai ɗumi da laima, sannan a fesa rini. Duk farantin ya koma ja, ban da fararen tabo inda sinadari mai aiki ya tsaya. Tsadarta matsakaiciya ce, tana da sauri, amma ba ta ba da adadi. Fesa rayayyun ƙwayoyin cuta a iska kuma haɗari ne na gaske, ba a yin sa sai a cikin akwatin kariya.

Tana ɓatar da sinadarai masu tashi a iska yayin busarwa, tana kuma raba waɗanda ba sa aiki sai tare. Frank Stermitz da Kim Lewis da abokan aikinsu sun nuna misalin haka a 2000 a tsirran Berberis. Berberin, sinadarin da tsiron ke yi, shi kaɗai ba shi da ƙarfi sosai a kan Staphylococcus aureus, domin ƙwayar tana da famfo mai suna NorA da ke fitar da shi waje. Tsiron yana kuma yin wani sinadarin, 5'-MHC, wanda ba ya kashe komai amma yana toshe famfon. A silika ɗaya zai fito raunana, ɗayan ba zai fito ba sam.

Gefen guba

Mafi araha shi ne gwajin 'ya'yan jatan landen ruwan gishiri, Artemia salina, wanda Meyer da abokan aikinsa a Jami'ar Purdue suka bayyana a 1982. Busassun ƙwai suna ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, a sa goma-goma a kwalabe, a ƙirga matattu bayan awa 24. Ko'ina ana iya yi. Sai dai an ƙirƙiro shi ne don farautar sinadarai masu ƙarfi, aka ɗauki duk tataccen da ya kashe rabi a ƙasa da mikrogiram 1000 a mililita a matsayin mai abin dubawa. Juya shi a ce wanda bai kashe ba ya zama lafiyayye ga ɗan Adam, wannan ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

Gwajin fashewar jajayen ƙwayoyin jini awa ɗaya yake ɗauka a digiri 37, sai a auna jan da ya fita. Yana kama safonin, sinadarin tsiro mai kumfa, da duk abin da ke kashe bakteriya ta hanyar yaga fata kamar sabulu, wanda zai yaga namu ma. Abu ɗaya kawai yake gani, amma yana gani da sauri. Jinin mutum yana buƙatar izinin kwamitin ɗa'a da kiyaye hannu.

Gwajin ƙwayoyin halittar jiki, wato sel, shi ne abokin tafiyar MIC. An fi amfani da Vero, waɗanda aka samo daga ƙodar wani biri na Afirka a Japan a 1962, ko HepG2 na hantar mutum. Ana renon su a digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin 100, a zuba musu tataccen, a auna masu rai da rinin MTT da Tim Mosmann ya bayyana a 1983, rawaya da ke komawa shunayya. Adadin da ya kashe rabin sel a raba shi da MIC, abin da ya fito shi ne ma'aunin zaɓe. Tataccen da ya kashe rabin sel a mikrogiram 640 ya kuma tsayar da bakteriya a 32 yana da 20, kuma galibi daga 10 zuwa sama ake ɗauka da muhimmanci. Wanda ya zo da 1 ko ƙasa, guba ce da ba ta zaɓe. A ganina wannan adadin ya fi duk wani abin da za a rubuta a rahoton daraja. Tsadarsa kuwa gaskiya ce: akwatin ɗumi na musamman, abincin sel mai tsada, tsafta marar sassauci, da watanni kafin hannu ya faɗa. Mafi yawan mutane sai sun nemi haɗin gwiwa da wani ɗakin gwaji. MTT ma yana da irin matsalar INT, bitamin C da kwasetin, wani sinadarin tsiro, suna juya shi da kansu, sai matattun sel su yi kamar masu rai.

Sai ɓeraye, zakarun gwajin dafi. OECD, ƙungiyar ƙasashe da ke fitar da ƙa'idojin gwajin guba, ta soke tsohuwar hanyarta mai lamba 401 a 2002 saboda yawan dabbobin da take kashewa. Mai lamba 423 dabba uku take ɗauka a kowane mataki, a fara da miligiram 5, 50, 300 ko 2000 a kowane kilo na nauyin jiki, a sa ido kwana 14. Hanyar Lorke ta 1983 tana cin dabbobi 12 ko 13. Nan ne kaɗai ake ganin abin da hanji da hanta da ƙoda suke yi da sinadarin, amma sai da izinin kwamitin ɗa'a, da wurin kiwo, da tatacce giram-giram.

Ko wannan ma yana da iyaka, kuma an biya kuɗin sanin iyakar da rayuka. A farkon shekarun 1990 a Brasels ta Beljiyam, mata fiye da 100 sun samu lalacewar ƙoda bayan shan haɗin rage ƙiba da aka sa wa Aristolochia fangchi a madadin Stephania tetrandra. Da yawansu daga baya suka kamu da sankarar hanyar fitsari. Sinadarin da ya jawo haka, asid na aristolokik, yanzu yana rukunin farko na abubuwan da hukumar binciken sankara ta duniya ta tabbatar suna haddasa cutar ga mutum. Ɓarnarsa a hankali take taruwa. Haka alkaloyid na firolizidin, sai hanta ta sarrafa su suke zama guba, don haka sel ɗin da ba su da wannan ikon suna iya nuna su kamar ba komai. Ɓeran da ya rayu kwana 14 bayan sha ɗaya ya tabbatar da abu ɗaya ne tak, cewa sha ɗaya ba ya kisa. Abin da za a sha kullum yana buƙatar gwajin kwana 28 mai lamba 407, da duba jini da naman hanta da ƙoda, da gwajin Ames na lalata ƙwayoyin gado.

| Hanya | Tsada | Ƙarkon sakamako | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Faifai | Ƙasa sosai | Rauni | Sosai | Rasa sinadarai masu maiƙo |
| Rami | Ƙasa sosai | Rauni | Sosai | Kambama ƙarfi |
| Gurabu 96 | Matsakaici | Mai kyau | Sai an koya | Launi da tanin |
| Silika | Matsakaici | Ba adadi | Matsakaici | Fesa ƙwayoyi, raba abokan aiki |
| Jatan lande | Ƙasa sosai | Rauni | Sosai | Ɗaukarsa shaidar lafiya |
| Jajayen ƙwayoyin jini | Ƙasa | Matsakaici | Sosai | Abu ɗaya yake gani |
| Sel | Sama | Mai kyau | Wuya | Rini, rashin aikin hanta |
| Ɓeraye | Sama | Mai kyau a iyakarsa | Wuya | Rasa guba mai taruwa |

Wa ya dace da me

Ɗalibin digirin farko mai wata uku da tsiro ɗaya, in akwai fifet a ɗakin gwajinsu, ya tafi kai tsaye ga gurabu 96 da ƙwayoyi uku, ya haɗa da gwajin jini. In babu, rami zai yi, da sharaɗin ya rubuta nauyin abin da ya zuba a kowane rami kusa da nauyin maganin shaida, ya tsaya a kan cewa an ga alama ko ba a gani ba.

Mai tace tsirrai ashirin ko talatin don ya zaɓi uku, zai ji kamar faifai ne mafita. Ni dai zan ce masa ya gwada kowanne a ƙarfi biyu kawai a farantin gurabu, misali mikrogiram 1000 da 100. Faranti kaɗan zai ci, kuma ba zai jefar da tsiron da maganinsa ke cikin mai ba.

Mai neman ware sinadari yana buƙatar silika ta nuna masa tabon, sannan MIC a kowane mataki na rarrabawa. Idan ƙarfi ya faɗi bayan an raba, ya sake haɗa ɓangarorin biyu-biyu kafin ya yanke cewa abin ya lalace. Tsantsar da ya samu a ƙarshe ta tafi ga sel, 'yan miligiram ba su isa ɓera ba.

Mai aiki da man ƙamshi ya manta da faifai da rami, sai fa in tururin yake son gwadawa.

Mai shirin haɗa abin shafawa ko na kurkure baki ya nemi MIC da MBC, da gwajin sel na fata, da gwajin ƙaiƙayi da kumburin fata, domin a nan ƙonewa da borin jini ne abin tsoro. Mai tunanin abin sha kuwa hanyarsa ta fi ta kowa tsawo: MIC ƙasa da mikrogiram 100, ma'aunin zaɓe sama da 10, sannan 423, sannan kwana 28 da Ames, duka kafin a fara maganar gwaji a jikin mutum. Idan tataccen ya faɗi a matakai biyun farko, kada ya sayi ɓera ko ɗaya.